Ranar da Na Kai Takalmi Ɗaurin Aure

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta bayan kaka ba, shekara biyu ke nan, kuma ko na so in manta ba za a bar ni ba. Har yau in na ratsa ta kasuwar Gwiwa sai an samu wanda zai rusuna ya gaishe ni, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, sannan ya ɗan leƙa bayana ya ce, "Baba, yau dai babu wanda za a koma ɗaukowa ko?" Ni kuma sai in ce babu, in wuce. To me zan ce?

Ni tsohon malamin gona ne, mazaunin Kazaure. Shekara talatin da biyar na yi ina zaga ƙauyukan Roni da Gwiwa, wani lokaci har Kanya Babba, ina koya wa manoma abin da suka riga ni sani. Duk yawon nan a kan babur ɗaya na yi shi. Irin na da ne, ƙarfe zalla, in ya faɗi sai mutum biyu sun taru a kansa. An canja masa inji sau biyu, tanki sau ɗaya, kushin kuwa ban san adadi ba, amma a wurina shi ne dai. Abu ɗaya ne ba shi da shi, wato madubi. Ranar da na karɓo shi na kwance duka biyun na ba mai ɗakina, ta kafa ɗaya a bango tana sa kwalli. A zamaninmu wanda ya bar madubi a jikin babur ɗan koyo ne. Gwani wuyansa ne madubinsa, ya ɗan karkata kai ya ga duk abin da ke baya. (Ba mu yi tunanin cewa wuya ma yana ritaya ba. Nawa ya riga ni ajiye aiki. Yanzu in ina son ganin abin da ke bayana, sai na juya da kafaɗa da ƙugu gaba ɗaya.)

Muna da majalisa a gindin wata darbejiya, bakin shagon Garba bakanike. Da mun haura mutum ashirin, duk masu irin wannan babur: malaman gona, malaman asibiti, 'yan duba-gari, masu duba makarantu. In wani a cikinmu zai aurar, mu ne ayari, mu jeru a hanya iska tana cika mana manyan riguna. A lokacin saura mu shida. Wasu sun riga mu gidan gaskiya, wasu ciwon ƙafa ya zaunar da su, wasu 'ya'yansu sun saya musu mota sun koma gaishe mu ta taga. Ni ne ƙarami, shekarata sittin da huɗu a lokacin, kuma Auta suke kirana. In shayi ya ƙare ni ake aika. Garba kansa ya haura saba'in, sai ya ɗora tabarau biyu, ɗaya a kan ɗaya, kafin ya ga ramin fulogi, kuma duk garin shi kaɗai ya rage da ya san cikin injinmu. Waɗanda ya koya wa aiki duk sun koma gyaran adaidaita sahu da waya.

Ba wai samari ba sa hawa babur ba. Suna hawa, ga su nan birjik a kan roba-roba, wadda in ka jingina da ita da ƙarfi sai ta tsage. Amma tambayi kowane ɗaya, zai ce maka kafin Allah ya kawo adaidaita ne, ko mota. Babur a wurinsu abin kafin a samu ne. Mu kuwa shi ne samun. Kullum maganar ke nan a majalisa: in mun kau, wa zai san yadda ake haye yashi da goyo, wa zai ji kukan inji ya gane abin da ke damunsa? Shugabanmu, Alhaji Bala, yakan ce, "Mu ne na ƙarshe, mu ɗin ma da ƙyar muke ɗaga ƙafa mu hau." Ni ne mai musu. Ni nake cewa laifinmu ne da ba ma nuna wa matasa, in suka ga gwaninta da idonsu da kansu za su biyo mu.

Ɗana na uku, Nura, ma'aikacin jinya ne, yana da wata 'yar mota. Mutum ne mai ladabi, shi ya sa ya fi wuyar sha'ani, don ba ya ba ka inda za ka kama ka yi faɗa. Wata rana da yamma ya zauna a gefen tabarmata ya ce, "Baba, da za a ɗan hutar da babur ɗin nan. Duk inda za a je ni zan kai."

Na ce, "Ya ce maka ya gaji?"

"A'a, Baba. Na dai ga jiya an wuce lungun gida, sai da aka dawo."

"Iska nake sha."

"To, Baba. Ko za a zo a ɗan duba idon?"

Nan na miƙe zaune na karanta masa cewa abin da babba ya hango a zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. (A lokacin da nake faɗin haka, in na rufe idon dama, fuskarsa kamar ta bayan labule nake ganinta. Ban faɗa wa kowa ba.) Ya ce haka ne, ya tashi.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Bayan kwana biyu Nura ya zo majalisa gaida iyayensa, Alhaji Bala ya tayar da maganar hutar da babur ɗina cikin raha. Sai zuciya ta ɗebe ni. Na bugi ƙirji na ce, "Shekara arba'in ina tuƙi, ban taɓa yar da mutum ba. Ranar da na yar da wanda na goya, ku ne shaida, da hannuna zan miƙa wa Nura makulli." Garba ya ɗago daga ƙarƙashin wani babur ya ce, "Mun ji." An ce baki shi ke yanka wuya, ni dai nawa bai ɓata lokaci ba.

Yanzu sai in gabatar muku da aminina, Malam Sule. Tsohon malamin dabbobi ne, mai yi wa shanu allura a rugage. Bai taɓa koyon babur ba, ko a kan keke ban taɓa ganinsa ba. Tun muna samari ni nake goya shi, in sauke shi a ruga in wuce gonaki, in dawo in ɗauke shi. Dama siriri ne, da tsufa ya zo kuma ya ƙara tsotse shi, har nauyinsa bai fi na babbar rigarsa da yawa ba. Magana kuwa sai ka roƙa. Sai ku tashi daga Kazaure har Roni bai ce uffan ba, carbinsa kawai yake ja. Saboda ƙarar salansar babur, tun da can muka yi wata al'ada: in ya hau ya daidaita zama, sai ya buga ƙarfen kariya, wurin ɗaura kaya na baya, sau biyu, ƙwas ƙwas, ni kuma in saki kuloci. Shekara arba'in haka muke, ba mu taɓa samun saɓani ba.

To ɗan marigayi ƙaninsa ne zai yi aure a wani ƙauye gaba da Gwiwa, kuma Malam Sule ne wakilin ango, shi zai karɓa masa auren, ƙarfe sha ɗaya na safe. Majalisa ta yanke cewa mu shidan za mu je a kan baburanmu, a jera su a ƙofar masallaci, matasan ƙauyen su gani su yi sha'awa. Ni na kawo shawarar. Ranar da safe Nura ya zo ya buɗe ƙofar gaban mota ya ce, "Baba Sule, bismillah, ga wuri." Malam Sule ya dubi motar, ya dube ni, ya ce, "Tun ba a haife ka ba nake bayan ubanka." Ya tattare riga ya nufo ni. Wallahi na ji daɗin maganar nan har cikin ƙashina. Na ɗaure ƙaramin buhun goro da alawa da dabino a kariya da roba, ina yi ina satar kallon Nura.

Sai babur ya ƙi tashi. Sai a kik na tara ya amsa, lokacin sauran biyar ɗin sun yi nisa ta babbar hanya. Nura ya tsaya jiran dangin da zai ɗauka. Na ce wa Malam Sule kada ya damu, akwai wata hanyar yanke da na sani tun ina aiki, za mu riga kowa.

Hanyar tana nan yadda na bar ta, har da busasshiyar ƙoramar da ke tsakiyarta, mai yashi mai laushi kamar gari. Duk wanda ya san babur ya san ƙa'idar irin wannan wuri. Goyo ya sauka ya taka da ƙafa, matuƙi ya sa giya ɗaya, ya sauke ƙafafu biyu yana dogarawa har ya haye, sannan ya jira a kan tudu. Haka muka yi. Da a numfashi ɗaya nake haye ta. Ranar sai da na yi gumi, ƙirjina yana dukan uku-uku, cinyoyina suna rawa. Na tsaya a tudu ban kashe inji ba, don ban shirya wa wani kik tara ba. Can na ji kushin ya ɗan nutsa. Na ji ƙwas ƙwas. Na saki kuloci.

Abin da ban sani ba shi ne, yashi ya cika wa Malam Sule takalmi. Ya iso, ya dafa kushin da hannu ɗaya, ya cire takalmin hagu, ya buga shi a jikin kariya sau biyu don yashin ya zube. Babur ya fizga, robar ɗaurin buhu ta riƙe takalmin, shi kuma aka bar shi a tsaye da ƙafa ɗaya a bakin ƙorama. Ya ce ya kira sunana. Na yarda ya kira, amma muryar Malam Sule ko a ɗaki sai ka matso.

Ni kuwa na miƙi hanya. An girbe gonaki, sai kara a tsaye, ba kowa sai garken shanu can nesa. Babur yana ta ja kamar sabo, har na yaba wa Garba a raina. Ban sani ba ko rawar cinyar nan ce ta kwance min baki, sai na ji na ce, "Malam Sule, zan faɗa maka wata magana, amma ta tsaya tsakaninmu."

Shiru. Na ce madalla, haka nake son mutum.

Na faɗa masa komai. Na faɗa masa idon hagu ya kusa shekara yana min hazo. Na faɗa masa in magariba ta yi, fitilar mota ɗaya uku nake ganinta, sai in zaɓi ta tsakiya in kauce mata. Na faɗa masa a watan jiya saura ƙiris in shiga cikin wata saniya a hanyar Roni, na ɗauka tarin kara ne. Na ce, "Yaron nan Nura gaskiya ce da shi. Amma in na ce masa haka, na zama me? In aka karɓi makullin nan shi ke nan, na zama tsohon da ake shimfiɗa wa tabarma a ƙofar gida, yana jiran wanda zai kai shi jana'iza ko suna. Tsoro nake ji, Malam Sule. Wallahi tsoro nake ji." Ban taɓa faɗa wa wani mahaluki haka ba, ko mai ɗakina. Har ƙwalla ta zubo min, na ce iska ce.

Shiru dai. Na ce, "Na gane abin da shirunka yake nufi, kuma na gode." Da muka zo wani rami har na ce masa ya riƙe da kyau.

Na iso ƙauyen sha ɗaya saura kaɗan. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar masallaci, jama'a maƙil, liman a tsakiya. Ga baburan mutanenmu biyar a jere an goge su suna ƙyalli, ga matasa a tsaitsaye a gefe. Na duba ban ga motar Nura ba, na ji wani sanyi a raina. Maimakon in tsaya a gefe kamar mai hankali, sai na yi wani rabin da'ira a gaban jama'a, na tsaya daf da tabarmar farko, na murɗa totur sau ɗaya, na kashe. Na ɗaga murya yadda matasan za su ji, na ce, "Salamu alaikum. Ga wakilin ango na kawo, ta hanyar da mota ba ta isa ta bi ba."

Aka amsa sallamar, amma a sanyaye. Na karkatar da babur hagu kamar yadda na saba, na ce, "Malam Sule, bismillah, mun iso."

Na jira. Ba motsi. Na dubi jama'a na ce, "A yi masa haƙuri, ƙafarsa ce takan sage in an yi nisa."

Na sake jira. Na ga Alhaji Bala ya sunkuyar da kai yana nazarin tabarma. Na ga Garba ya laluba aljihu, ya ciro tabarau na biyu, ya ɗora a kan na farko, ya dubi bayana da kyau, ya cire ya mayar aljihu. Sai liman ya yi gyaran murya ya ce, "Malam, da wa ake magana?"

Na kafe babur, na sauka, na juya da kafaɗa da ƙugu gaba ɗaya. Ga buhun goro. Ga takalmi sau-ciki ruwan ƙasa, ƙafar hagu, yana lilo a jikin roba.

Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi komai ciwo. Da an yi dariya da na taya su. Amma ni dattijo ne, ga furfura, ga babbar riga, don haka kowa ya haɗiye tasa. Na ga matasan nan da na zo burgewa suna cizon wuyan riga. Ɗaya ya taka a hankali cikin natsuwa ya zaga bayan masallaci, daga can muka jiyo shi. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma ƙasar wurin tsandauri ce.

Sai waliyyin amarya ya matso ya tambaya a hankali, "A ina ya faɗi?"

Nan kunya ta kau, tsoro ya zo. Na ga Malam Sule kwance a wani rami, mutumin da ya ƙi gaban mota don ni. Na ɗaga babbar riga na laluba aljihun 'yar ciki na ciro waya. Kira goma sha ɗaya ban ji ba, tara na Malam Sule, biyu na Nura. Na kira Nura.

Ya ce, "Baba, muna hanya. Ya kira ni na ratse na ɗauko shi. Lafiyarsa ƙalau." Na ji ana yi masa magana, sannan ya ce, "Ya ce a ajiye masa takalmin."

Fiye da rabin sa'a muka jira. Liman yana da wani ɗaurin auren a gaba, ya tambaya ko akwai wanda zai wakilta, dangin ango suka ce a dai yi haƙuri. Ni kuwa aka matsa min na zauna a tabarma da takalmi a cinya, don ba wanda ya faɗa min inda zan ajiye shi. Duk wanda ya zo a makare sai ya gaisa da jama'a, ya gaishe ni, ya dubi takalmin, a ja shi gefe a yi masa bayani. A zaunen nan ne kuma na tuna da duk abin da na zazzage a hanya. Shekara guda ina tara maganar nan, na juye wa buhun goro.

Motar ta iso. Malam Sule ya fito daga gaba, ƙafa ɗaya takalmi, ɗaya safa, ya tako a natse kamar haka ake yayi. Ya yi sallama, ya miƙo min hannu. Na ɗauka gaisawa za mu yi, ashe takalmin yake nufi. Ya karɓa, ya kifa shi ya zubar da sauran yashin, ya ajiye a gefen tabarma tare da ɗan'uwansa, ya zauna. Aka ɗaura aure, aka shafa fatiha, aka raba goron da ya sha hira.

Bayan jama'a sun fara watsewa, Alhaji Bala ya tara mu a inda baburan suke. Nura yana tsaye daga nesa kaɗan, kansa a ƙasa. Alhaji ya ce, "Malam Sule, magana ɗaya ce. Auta ya yi alkawari a gabanmu a kan makulli. Ya yar da kai ko bai yar ba?"

Malam Sule ya ja carbi kamar ƙwaya uku, ya ce, "Bai yar da ni ba. A tsaye ya bar ni."

Alhaji ya ce, "To, alkawari bai hau kansa ba." Garba ya ce, "Mun ji." Na ga tsofaffin nan duk sun sauke numfashi, don sun san in nawa ya tafi sun koma biyar, kuma kowa yana da Nura a gidansa. Na saci kallon Nura. Ko ɗagowa bai yi ba.

Na tsira ke nan. Na sa makulli, na kama hannun babur. Sai na ga Malam Sule yana tattare babbar riga, ya ɗaga ƙafa zai hau bayana, kamar babu abin da ya faru. Sai na tsaya cak. Mutumin nan bai ji maganar ido ba, bai ji ta saniya ba, bai ji ta fitila uku ba. Zai hau ne a kan amanar shekara arba'in, ni kuwa na san abin da na sani.

Na ce, "Malam Sule, shiga mota."

Ya sauke ƙafa, ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, "To." Ya juya ya tafi.

Na yafito Nura. Na ce, "Har yanzu ka iya?"

"Kai ka koya min, Baba."

Na zare makullin na sa masa a tafin hannu. Alhaji Bala ya ce, "Auta, an fa wanke ka." Na ce na ji, na gode. Nura ya ba wani abokin ango makullin motarsa ya mayar da mutane, ya hau babur, kik ɗaya ya tashi. (Wannan ma ya ɓata min rai.) Na ɗaga ƙafa na hau baya. Ban taɓa sanin wurin ba shi da abin riƙewa ba. Na daidaita zama, na rasa yadda zan ce masa mu tafi a gaban mutane, sai na buga kariya sau biyu.

Na ce ya bi ta hanyar yanke. A nan na maimaita masa duk abin da na faɗa da safe, ido da fitila da saniya da tsoron tabarma. Na biyun ya fi wuya nesa ba kusa ba, don wannan karon akwai mai ji. Da na gama ya ce, "Na sani, Baba, tun bara. Yanar ido ce, kuma ana cirewa."

"To me ya hana ka faɗa?"

"Na so in faɗa, Baba, aka tura ni kan rimi."

Da muka zo ƙoramar na sauka na taka. Ya haye ya tsaya a tudu. Yashi ya cika min takalmi, amma sai da na yi nisa da babur kamar taku goma kafin na kakkaɓe. Na hau, na buga kariya. Bai motsa ba. Ya waiwayo ya dube ni ido da ido, ya ce, "Baba, an hau?" Na ce an hau.

An yi min aikin idon, yanzu ina ganin fitila ɗaya a matsayin ɗaya. Nura ya kawo min makullin bayan na warke, na ce ya riƙe, ai ba a yi wa wuyan aiki ba. Ranakun da ba ya asibiti shi yake goya ni zuwa majalisa, har ya fara zama Garba yana nuna masa cikin inji. Ya sa an ɗaura madubi biyu, Garba ya ɗaura yana tsaki. Mun koma bakwai, kuma yanzu shi ake aika shayi. Ko wannan ne magajin da muke ta nema, ko kuwa haƙuri yake da mu kafin mu ƙare, Allah masani. Ni dai na kawo wa majalisa matashi ɗaya, ko da yake ba ta hanyar da na tsara ba.

Malam Sule har yau bai san abin da na faɗa masa a hanya ba. Na taɓa ce masa mun yi doguwar hira ranar, ya ce a duk hirarrakina ita ce ba ta gajiyar da shi ba.

Abin da na koya ba shi da yawa. In za ka faɗi gaskiya a kan kanka, ka fara tabbatarwa akwai mutum a baya, don maimaici ya fi zafi. In kuma wuyanka ya daina waiwaye, ka koma baya ka zauna, ka bar gaba ga mai sauran wuya.